Ranar da Kilian Pokorny ya tafa

Kilian Pokorny, kakan mahaifiyata, maƙerin kwaɗo da makulli ne a unguwar Ottakring ta birnin Vienna. Ni ban riske shi ba. Duk abin da na sani a kansa daga bakin 'yarsa na ji, Kaka Hedi, wadda ta rene ni, kuma ba ta taɓa shafa masa mai ba don ya mutu. Takan ce mahaifinta Allah ya ba shi kunne mai kyau, ya haɗa masa da mugun hannu.

Shekara talatin da ɗaya bai yi fashin kiɗan ranar Lahadi a babban zauren kiɗa na birnin ba. Ƙarfe sha ɗaya na safe ake farawa, shi tun bakwai yana kan layi, ko ƙanƙara ake zubawa. Bai taɓa zama a kujera ba. Mutanensa su ne 'yan tsaye, can ƙarshen zaure, bayan dogon ƙarfen da ya raba su da masu hali. Da an buɗe ƙofa sai ya ɗaure ƙyallen wuyansa a jikin ƙarfen, dab da ginshiƙi na biyu, ya fita ya sha giyarsa kofi ɗaya, ya dawo ya tarar da wurinsa. Wani baƙo ya taɓa matsar da ƙyallen da taƙi ɗaya kacal, ya koma garinsu da hanci a karkace.

Doka ɗaya ce Kilian ya riƙe kamar addini: ba a tafi sai kiɗa ya ƙare gaba ɗaya, mai sanda, wato jagoran makaɗa, ya sauke hannuwansa ya juyo. Tsakanin kashi da kashi makaɗa kan yi shiru, su juya takarda, su share gumi. A wurin Kilian wannan shirun ma kiɗa ne. Yana da zoben ƙarfe mai makullai goma sha biyu a aljihu. Duk wanda ya kuskura ya haɗa tafi a cikin shirun, in dai hannu zai kai gare shi, sai ya ji makullan nan a bayan yatsunsa. Ko waiwayowa Kilian ba ya yi. Ya fasa wa ɗalibai yatsu, ya fasa wa sojoji, har wani tsohon malamin makaranta ya taɓa zubar wa jini a kan farar riga.

Shi ne kuma mai gyara wa 'yan tsaye makaminsu. Makullan gidajen wancan lokaci masu rami ne a baki, in ka iya ɗora leɓe ka hura sai su yi fito. Kilian yakan sa magagari ya ƙara wa ramin faɗi, ya goge bakin, har makulli ɗaya ya iya keta ƙarar makaɗa tamanin. Da waɗannan makullai suka kori mawaƙa daga dandali, suka sa wani mai sanda ya jefar da sandarsa ya fita yana kuka. Kilian ba ya karɓar ko sisi a kan wannan aiki. Sai wanda ya yarda da kunnensa yake yi wa.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Severin, yayan Kaka Hedi. Yana shekara tara uban ya sayo masa tsohon ƙaho na tagulla ya ce wannan zai busa. Ba a tambayi yaron ba. Kullum bayan makaranta yana tsaye a bayan maƙera yana busa, uban yana aiki yana saurare. Sauti ya goce, a jefo masa abin da ke hannu, kwaɗo ne ko guduma ce ƙarama. Akwai ranar da leɓensa ya tsage jini ya bi bakin ƙahon, Kilian ya ba shi tsumma ya ce ya goge ya ci gaba. Matarsa Resi ta shiga tsakani sau da yawa.

"Kilian, kashe mini shi za ka yi? Mutum ne fa, ba ƙarfe ba."

"Ƙarfe ma da duka yake zama makulli. Koma kicin."

Shekara goma sha huɗu ana haka, bai taɓa ce wa yaron ya yi kyau ba. In ya busa daidai, abin da zai samu shi ne ba a jefo komai ba.

A shekarar 1926 Severin yana da ashirin da uku aka ɗauke shi gwaji a ƙungiyar makaɗan da uban yake saurare tun yana saurayi. Gwajin shekara ɗaya ne, yana zaune can baya a matsayin mai ƙaho na uku, ba a jin sa shi kaɗai. Shekarar na gab da cika sai babban mai ƙaho ya kwanta ciwon huhu, na biyun kuma ya ce shi ba zai taɓa abin da aka shirya wa Lahadi mai zuwa ba. Sabon kiɗa ne na wani matashi da ba a san shi ba, kuma a kashi na biyu akwai dogon wuri da ƙaho ke busawa shi kaɗai. Shugaban ƙungiya ya kira Severin ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ya fitar da wurin nan lafiya a gaban jama'a, kujerar ta zama tasa har tsufa. In bai fitar ba, akwai mutum shida da ke jira.

Matsalar ita ce 'yan tsaye sun riga sun yanke wa sabon kiɗan hukunci tun kafin su ji shi. Ranar Asabar da rana Kilian ya rufe maƙera ya nufi shagon Gustl Matejka, mahauci, abokinsa na shekara ashirin kuma jagoran masu fito. Ya tarar da shi yana sara haƙarƙari.

"A'a, maƙeri! Yau kuma wa ya kulle kansa a banɗaki?"

"Bakinka nake son kullewa, na rasa kwaɗon da zai kai. Gustl, maganar gobe ce ta kawo ni."

"Gobe ai biki ne. Na ji su ta taga ranar Alhamis suna gwaji. Na rantse maka aladen da nake yankawa sun fi su daɗin murya."

"Ɗana ne zai busa kashi na biyu."

"Ko ɗan limamin coci ne. Kai ka koya mana cewa shara shara ce, ko uwar mutum ce ta rubuta."

"Ban ce kada ku busa ba, ƙaton banza. Cewa na yi ku bari yaron ya gama. In an kai ƙarshe ku rushe ginin ma, ni zan riƙe muku tsani."

Gustl ya kafa wuƙar a kan katako, ya goge hannu a gaban rigarsa.

"Shekara ashirin ban taɓa jin ka roƙi mutum ba. To, na ji. Za mu yi shiru har ƙarshe. Amma ka san 'yan makarantar nan masu dogon gashi, abokan mai kiɗan, za su cika hagu. In ɗaya daga cikinsu ya tafa a tsakiya don ya ba mu haushi, ko sau ɗaya ne, ba ni da ikon riƙe kowa. Ni ma ba zan riƙe kaina ba."

"Ba wanda zai tafa."

Daga nan Kilian ya wuce gidan shayin da ɗaliban ke zama. Bai gaishe da kowa ba. Ya cafki kwalar babbansu, wani siriri mai tabarau, ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Ka san ni?"

"Kowa ya san ka, malam."

"Madalla. Gobe duk wanda ya tafa kafin mai sanda ya juyo, zan karya masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, in fara da naka. Ka gaya wa sauran tumakin."

Ya dawo gida yana ganin ya toshe kowace kafa. Abu ɗaya ne bai yi ba. Ranar Juma'a ana cin abinci Severin ya fara cewa, "Baba, wurin nawa ya rabu biyu ne, a tsakiya akwai..." Kilian ya buga cokali a kan tebur.

"Ni za ka koya wa jin kiɗa? Tun ba a haife ka ba nake tsaye a zauren nan. Ci abincinka."

Severin ya ci abincinsa.

Ranar Lahadi zauren ya cika har ana jin numfashin juna. Resi ta zo, karonta na farko ke nan, da hular cocinta. Hedi tana da sha tara, ita ce a gefen uban na dama. Gustl da mutanensa suna tsakiya, kamar mutum huɗu tsakaninsa da Kilian. Ɗalibai sun dunƙule a hagu, hannuwa a aljihu kamar yadda aka umarce su.

Kashi na farko ya zo da abin da ake tsoro. Masu goge suka yi ta kuka kamar ƙofar da ta shekara ba mai, ganguna suna faɗowa inda ba a zata ba. Wani a cikin masu kujera ya yi dariya da ƙarfi, aka ce masa shit. Wata tsohuwa ta tashi ta fita tana buga sanda a ƙasa da gangan. Hedi tana ganin Gustl yana juya makullinsa tsakanin yatsu, wuyansa ya yi ja, amma bai kai shi baki ba. Kashin ya ƙare, aka yi shiru, ba wanda ya motsa. Kilian ya saki numfashi.

Sai kashi na biyu. Duk makaɗan suka lafa, ya rage ƙaho shi kaɗai. Daga inda suke Severin ɗan mitsitsi ne can baya, sai ƙyallin tagulla. Sautin ya fito a hankali, ƙasa-ƙasa, ya miƙe, ya yi ta hawa ba tare da ya yi rawa ba. Kaka Hedi ta ce ita ba ta san kiɗa ba, amma ta ga masu tari sun daina tari, ta ga Gustl ya daina juya makulli. Ta dubi mahaifinta ta ga bakinsa a buɗe, ya damƙe ƙarfen da hannu biyu, ruwa yana bin gefen hancinsa yana shiga gashin baki. Ba ta taɓa ganin haka ba, har ta ji tsoro.

Ƙahon ya kai wani wuri ya tsaya. Mai sanda ya sauko da hannunsa zuwa ƙirji. Zauren ya yi tsit.

Tsofaffin kiɗa duk Kilian ya haddace su, ya san inda kowanne ke numfasawa da inda yake ƙarewa. Wannan bai san shi ba. Shirun na ƙirga takwas ne kawai, a bayansa ne wuri mafi wuya yake, inda ƙahon zai hau can sama, wurin da aka ce za a auna Severin da shi. Abin da yaron ya so faɗa ke nan ranar Juma'a. Har ta mutu Kaka Hedi ba ta yanke ba ko uban ya zaci an gama ne, ko hannuwan ne suka tafi da kansu. Ya saki ƙarfen, ya tafa. Sau uku. Hannun maƙeri ne, kamar ana buga katako da katako.

Gustl bai ga wanda ya yi ba. Hagu ya duba.

"'Yan iska! Sun yi!"

Ya kai makulli baki, mutum talatin suka bi shi. Ƙarar ta tsaga zauren kamar an watsa allurai a kunne. Ɗaliban da suka ji an fara fito suka fara tafi da ihu da buga ƙafa, ɗayansu ya cire takalmi ya jefa, ya sami wani direban tarago a ido.

"Ni ne!" Kilian yana ihu. "Ni na tafa! Ku tsaya, ni ne!"

Ba mai jin sa. Ya ture mutum huɗun nan kamar buhuna, ya isa ga Gustl, ya daki makullin da tafin hannu yana bakinsa. Makullin ya shige. Haƙora biyu suka zubo, leɓe ya rabe, jini ya wanke gaban rigar Lahadi. Gustl ya tofar, ya dube shi kamar bai gane shi ba, sannan ya sa masa goshi a fuska. Suka faɗi tare a kan ƙarfen. Kilian ya fizge makulli daga bakin wani, ya naushi na kusa da shi a maƙogwaro, ya ciji hannun da ya shaƙe shi. Mutanensa ne duka, makullan da ke fasa masa kunne shi ya goge su da hannunsa.

Ɗalibai suka auko daga hagu. Mai tabarau aka fara kayarwa, aka taka tabaran a fuskarsa. Faɗan ya tsallake ƙarfe ya shiga cikin masu kujera. Wani dattijo mai farin gemu da lambar yabo a ƙirji ya kwaɗa wa maƙwabcinsa mari, maƙwabcin ya rama da sandar hannu. Wata mata mai rigar siliki tana ta sauke lema a kan wani mai sanƙo tana cewa, "Jahili! Jahili!" Daga bene aka fara jefo abubuwa, takardun shiri, tuffa, matashin kujera, daga baya ƙafar kujerar kanta. Ta sauka a kan dandali ta fasa gogen wani tsoho, ya rungume shi yana kururuwa.

Hedi ta manne da ginshiƙi. Ta ce ita dandali kawai take kallo. Mai sanda bai tsaya nan take ba, ya ɗaga hannu ya ba da alama, kuma ta ga yayanta ya mayar da ƙaho baki. Ta ga kumatunsa, ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, idanunsa a rufe, yatsunsa suna tafiya. Ya busa wurin nan har ƙarshensa. Ko ɗigon sauti bai iso ba. Da ya gama ya ɗora ƙahon a cinya ya zauna yana kallon bayan zaure, daidai ginshiƙi na biyu. Sannan mai sanda ya ajiye sandarsa ya fice.

Lokacin Kilian yana ƙasa. Wani ya fizge zoben makullansa ya zabga masa a kunnen hagu, ya ji wani abu ya fashe a ciki. Yana ƙoƙarin tashi, ya dafa ƙasa da hannun dama, sai wani mutum mai tsabtar kaya da bai shiga faɗan ba ya matso ya tsuguna.

"Malam Pokorny, ka tuna ni? Shekara shida ke nan. Ranar na kawo budurwata."

Ya nuna masa tabo a bayan yatsunsa, ya miƙe, ya ɗora dugadugin takalmi a kan hannun, ya sauke nauyinsa duka. Hedi ta ce ta ji ƙarar duk da hayaniyar.

Resi ce ta fitar da shi. Mace ce ƙarama, amma ta kama kwalarsa ta ja shi a ƙasa har bakin ƙofa, hularta ta ɓace, tana dukan duk ƙafar da ta tare hanya da jakarta. 'Yan sanda suka shigo ta ɗaya ƙofar. Mutum goma sha ɗaya aka kai asibiti. Ƙarfe sha biyu da rabi na rana an kulle zauren, mutane suna tsaye a titi cikin hasken rana da jini a kwala, wasu har lokacin suna gardamar ko kiɗan yana da kyau.

Yatsu uku suka karye a hannun Kilian, kunnen hagu kuma bai ƙara ji da shi ba. Jaridun Litinin suka buga sunansa, suka ƙara da cewa uban mai ƙaho ne. Ranar Laraba da azahar aka kira Severin ofis. Bai daɗe ba ya dawo gida da ƙahonsa a cikin akwati. Kilian yana zaune a kicin, hannu a naɗe, gira a ɗinke, fuska a kumbure. Resi tana gaban murhu, Hedi tana feraye dankali.

"Me suka ce?"

"Sun ce in kwashe kayana. Ba wanda ya ji abin da na busa, ba su da abin aunawa. Kuma makaɗa sun ce ba za su zauna da sunan Pokorny ba."

Kilian ya juyo da kunnensa mai ji.

"Busar saman nan. Ka kai ta?"

"Na kai."

"Ba gargada?"

"Ba gargada, Baba. Ban taɓa busa ta kamar ranar ba."

Kilian ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Ya zo gaban ɗansa ya tsaya, ya sauke hannunsa mai lafiya, ya miƙa fuska.

"Mare ni."

"Kilian, zauna," in ji Resi. "Ba ka da hankali ne?"

"Na ce ka mare ni, yaro."

A nan ne labarin gidanmu ya rabu biyu. Resi har ta koma ga Allah tana cewa ɗanta bai taɓa ɗaga wa ubansa hannu ba, ya ɗauki akwatinsa ne kawai ya fita. Kaka Hedi ta ce tana wurin da wuƙa a hannu, kuma ya mare shi, mari ɗaya, a kan kumburin, har uban ya koma kan kujera da ƙarfi ɗinkin girarsa ya buɗe. Ta ce Kilian bai taɓa wurin ba, ya bar jinin yana sauka. Ni maganar Kaka Hedi na ɗauka, don ba ta saba ƙara gishiri ba, kuma duk lokacin da ta zo nan a labarin sai ta dubi hannunta.

Washegari Severin ya hau jirgin ƙasa zuwa Linz. Ya sami aiki a gidan silima, yana busa a ramin da ke ƙarƙashin allo tare da mutum biyar. Da finafinai suka fara magana da kansu aka sallame su, ya shiga aikin jirgin ƙasa, a nan ya tsufa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu, ba wadda ya koya wa kiɗa.

Kilian ya ƙara shekara tara a duniya. Ya koyi riƙe magagari da hagu, aikin bai ƙara yin kyau kamar da ba, amma ya ci abinci. Shi da Gustl in sun haɗu a titi kowa kan tsallaka ɗaya gefen. Ranar Lahadi yakan sa rigarsa mai kyau tun da safe ya zauna a kicin har a ci abincin rana.

Severin bai ƙara taka gidan ba sai ranar jana'iza, amma kowane wata yana rubuto wa uwarsa takarda. Idon Resi ya yi rauni, Hedi ce mai karantawa. Kilian yakan jawo kujera ya juyo da kunnen dama, ya saurari labarin haya da sanyi da haƙoran jikoki, har a zo layin ƙarshe, inda Severin kan ce a gaishe da Hedi, a gaishe da maƙwabta. In ta naɗe takardar sai ya ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan, Baba."

Sai ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta.